Ranar da Kabad ɗin Tasi'u Ya Fita da Gudu

A shekarun nan da babura 'yan China suka fara cika ƙasarmu, waɗanda ake kawowa cikin manya-manyan kwalaye a haɗa su a bakin shago, an yi wani mutum a Bukkuyum ana ce da shi Tasi'u. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Yana salla, yana gaida manya, in ka aike shi zai je. Abu ɗaya ne ya dame shi ya kuma dami jama'a: bakinsa ya fi hannunsa aiki. Sau ɗaya ya taɓa zuwa cin rani Legas, ya yi dako a wani kantin kayan gini, ya dawo ya laƙaba wa kansa Injiniya. In zai yabi kansa kuwa, sai ya daki ƙirji da hannu biyu, har kajin da ke kusa su watse.

To, Tasi'u ya ga Naja'atu, 'yar Malam Yahaya, ya ce yana so. Bazawara ce, mijinta ya rasu, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don ta ce tun da ta fita takaba ba wanda ya sa ta dariya har ta riƙe ciki sai shi. Da magana ta kai gaban Malam Yahaya, sai ya ce:

"Ni ban hana ka ba, Tasi'u. Amma a gidanmu ƙanwata Larai ke ganin ɗaki. Za ta zo daga Gummi ta duba inda za ka aje muna ɗiya. In ta ce ɗaki ya yi, an ba ka. In ta ce bai yi ba, ka yi haƙuri, Lirwanu mai injin niƙa ya daɗe shina aiko mutane, kuma ɗakinshi na siminti ne."

Gwaggo Larai kuwa sananniya ce. An ce ta taɓa komawa Gummi daga ganin wani ɗaki ba ta ko sha ruwa ba, saboda ta ga ƙofar ta karkace.

Ɗakin Tasi'u na laka ne, da tsohon rufin kwano wanda in rana ta take sai ka ce tanda, ƙasan kuma ƙura ce zalla. Mahaifiyarsa ta leƙa, ta ce:

"Abin mai sauƙi ne. A shafe bango, a kira mata a yi daɓe. Ga marmara can na sa an zuba bayan rumbu, makubar ɓawon ɗorawa ma zan jiƙa ta."

"Daɓe?" in ji Tasi'u. "Inna, zamanin daɓe ya wuce. Lirwanu na da siminti, ni in fito da daɓe? Silin zan yi, in yi kabad har sama, in yi kujeru irin na Legas."

"Da wane katako?"

"Da kwali."

Inna ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce, "Allah ya shirya," ta tafi ta jiƙa makubarta a tulu.

Da safe ya kai labarin teburin mai shayi. Muntari, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai kabu-kabu, yana wurin.

"Ku mutanen ƙauye," in ji Tasi'u, "in kun ga kwali sai ku ga shara. Ni in na ga kwali, katako nike gani wanda bai gama girma ba."

"To ka dasa shi mana, ka riƙa ba shi ruwa," in ji Muntari.

"Yi dariyarka. Ranar da Gwaggo Larai ta shiga ɗakin nan, da kanta za ta ce in bi ta Gummi in yi mata irinshi."

"Ni dai ka gaya mini ranar, in zo da tabarma in zauna kallo."

Duk da haka Muntari ne ya ɗauke shi zuwa Anka, wurin masu haɗa babura, inda kwalaye suka yi tuli har sun rasa yadda za su yi da su. Suka ce ya kwashe, Allah ya yi masa albarka. Tasi'u ya baje manyan, ya jera su, ya ce a ɗaura masa a baya. Muntari ya ce a naɗe su tukuna. Tasi'u ya ce injiniya ba ya karya kayan aikinsa. Haka suka kamo hanya, Tasi'u a bayan babur da kwali a gadon bayansa wanda ya fi ƙyauren zaure faɗi.

Lokacin bazara ne, iskar da ke share wa damina hanya ta fara kaɗawa. Suna cikin tafiya a wani fili, guguwa ta taso ta gefen hanya, ta shiga ƙarƙashin kwalin, ta ɗauke Tasi'u daga kan babur cak, kamar an zare zare daga allura. Muntari bai sani ba. Yana ta ba da labarin wani fasinja da ya ɗauka da rago, yana tambaya yana ba kansa amsa, har ya yi nisa. Sai da ya ji an daɗe ba a katse shi da labarin Legas ba, sannan ya san ba lafiya.

Ya dawo ya tarar da Injiniya kwance rigingine a kan kwalayensa kamar kunkurun da aka kifar, ƙafafu na harbin iska, shanun wani makiyayi sun kewaye shi suna shinshina.

"Ka sauka ba sallama, Injiniya?"

"Gwaji nike yi," in ji Tasi'u daga ƙasa. "Dube ni, ko ƙwarzane babu. Da katako ne da yanzu kana neman mai ɗori. Kwance ni, saniyar nan tana cin kabad ɗina."

Da kwalayen suka iso gida, unguwa ta taru neman rabo. Mai shayi yana son ɗaya ya kare wutarsa daga iska. Mai faci yana son wanda zai riƙa shimfiɗawa in zai kwanta ƙarƙashin mota. Wata tsohuwa ta ce a yanko mata na mafici, wata ta ce na shanyar kuɓewa, wani ya ce zai yi wa dashen mangwaronsa inuwa. Inna ma ta ce a ba ta ƙarami guda ta yi wa kazarta wake-wake akurki, ta ga alamar tana neman wurin ƙwai. Tasi'u ya hana kowa.

"Ƙaramin tunani ke gare ku. Mafici! Akurki! Abin da za a yi fada da shi kuke son ku ba kaza?"

Aka watse ana yi masa fatan alheri irin wanda ba ya kaiwa zuci.

Ya fara da abin liƙi. Ya dama garin rogo a babbar tukunya, ya zuba kanwa da yawa, wai don gara ta ji tsoro. Ya ajiye shi don ya huce, ya shiga neman almakashi. Muntari ya shigo da yunwa, ya ga tukunya, ya ɗebo ludayi uku ya shanye.

"Inna, kunun kanwar nan ya yi kauri, kuma ba sukari."

"Ba nawa ba ne," in ji Inna. "Na Injiniya ne, na liƙe kujera."

Muntari ya tashi yin salati, leɓɓan suka ƙi rabuwa da wuri. Tasi'u ya fito ya gani, ya daki ƙirji. "Ka ga ƙarfin abin ko? Bakin da duk Bukkuyum ta kasa rufewa!"

Kujerar farko ta yi kyau a ido. Tana da hannaye, tana da wurin jingina. Aka ce Muntari ya gwada, tun da shi ya sha abin liƙin. Ya zauna a hankali. Kujera ta yi wani ɗan nishi, ta haɗiye shi, gwiwoyinsa suka dawo daidai kunnuwansa. Sai da aka kama hannuwansa aka zaro shi.

"Zaman ƙauye ka yi mata," in ji Tasi'u. "Amma na gano inda matsalar take."

Washegari ya sake kira a gwada. Muntari ya zauna, shiru. Ya yi tsalle ya faɗa mata, ko gezau. Ya tashi yana zagaya ta yana mamaki. A daidai lokacin Inna ke tsakar gida tana cewa, "Wai wa ya ari turmina bai gaya mini ba?" Muntari ya dubi kujera, ya dubi Tasi'u. Tasi'u ya dubi sama. Turmin yana ciki a kife, an lulluɓe shi da kwali. Tun daga ranar Inna take zuwa maƙwabta daka, tana Allah ya isa ga ɓarawon turmi, ɗanta na amsawa da amin. Kujera ta biyu kuwa ba a samu turmin da za a sa mata ba, aka bar ta da iska a ciki.

Silin ya fi ba shi wahala. Ya ɗaure shi da igiya a jikin azara, tsakiyar ta sauko kamar cikin mai juna biyu. Ya ƙara igiya, gefe ya sauko. Daga ƙarshe ya gina kabad ɗin tun daga ƙasa har sama, ya tokare silin da shi, ya liƙe bayansa a bango da sauran kunun rogo. Ya shafe komai da fenti ruwan ƙasa, kafin ya bushe ya bi shi da matajin Inna yana ja, sai ga zane ya fito kamar jijiyar katako. Gaskiya, wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya leƙa, zai rantse kafinta ya kwana biyu a ɗakin. A kwanakin ne kuma Inna ta nemi kazarta wake-wake ta rasa.

Ya je zance ya ba Naja'atu labari, tana daga cikin zaure tana ƙulla ƙuli-ƙuli a leda.

"Injiniya," ta ce, "ni fa ina son wannan aure. Gwaggo ba ta da wasa. Don Allah in abin nan zai faɗi, ya faɗi tun yanzu."

"Faɗi? Jikokinmu za su gaje shi."

"To. Ni dai ban iya zama da ƙarar injin niƙa ba, ka sani."

Ranar da Gwaggo Larai za ta zo, Tasi'u ya shiga ɗakin da hantsi daga shi sai singileti da gajeren wando, don ya yi shara ta ƙarshe. Ya tarar da akuyar Inna a ciki. Ƙamshin rogo da kanwa ya kira ta, ta cinye kusurwar kabad ta ƙasa, tana lumshe ido tana tauna. Kabad ya karkata, silin ya biyo shi.

"Muntari! Kawo igiya!"

Ya kori akuya, ya faɗa cikin kabad, ya ɗaga hannu biyu ya tallafe saman. Komai ya koma daidai. Muntari ya shigo da igiya ke nan sai suka ji sallamar mata a tsakar gida, da wata murya mai kauri tana cewa, "Ina ɗakin yake? Mu gani tun ido bai gaji ba."

"Sun iso," in ji Muntari.

"Riƙe mini nan in fita!"

"Ka fita haka, ba riga, gaban surukai? Kuma in ka saki ya faɗi. Yi haƙuri, leƙawa kawai za su yi." Ya tura ƙofar kabad ya rufe. Ta cikin kwali Tasi'u ya yi raɗa, "Kujerar dama! Ka zaunar da ita a ta dama!"

Gwaggo Larai ta shigo, mace mai jiki, da mata uku a bayanta, Inna na biye. Muntari ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ango ya ɗan fita, ya yi ta kakkaɓe kujerar dama har ta zauna a kai, sannan ya sulale waje. Gwaggo ta ɗan girgiza jikinta. Kujera ba ta motsa ba.

"Uhm," ta ce. Ta ɗaga kai ta dubi silin. "Uhm. Da sanyi kuwa."

A cikin kabad Tasi'u ya washe baki, gumi na zuba masa a ido.

Sai Gwaggo ta sauke kai ta dubi ƙasa. Ta goga ƙafarta, ƙura ta tashi.

"Mi nike gani haka? An yi wa sama ado an bar ƙasa kamar turken jaki? A nan za mu jera wa ɗiyarmu kwanoni?"

"Wallahi na faɗa mishi," in ji Inna. "Ga marmara can, ga makuba ta jiƙu har ta yi baƙi. Shi ya hana."

"Shi wa? Ɗaki na mata ne. Tun da munka zo, ba mu komawa sai an daɓe shi. A kira matan unguwa, kowa ta zo da madaɓinta. A fitar da kayan nan."

Aka ja kabad, ya ƙi, domin yana liƙe da bango, ga kuma mutum a ciki yana addu'a. Aka ja kujerar da Gwaggo ta tashi daga kai, mata biyu suka kasa ɗaga ta.

"Katako mai kyau ke nan," in ji ɗaya. "Ji nauyi."

"A bar su," in ji Gwaggo. "Mu daɓe mu zagaye."

Kafin wani lokaci gida ya cika da mata. Aka baza marmara, aka kwarara ruwa, aka bi da ruwan makuba mai duhu, aka durƙusa a jere. Madaɓai suka fara sauka tare, tim, tim, tim, ƙasa na amsawa har cikin haƙoran Tasi'u. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ɗauko waƙa, saura na karɓa:

"Ango ya tafi yawon baki,
Ya bar ƙasa tana kuka,
Mu da munka zo da hannu,
Mu za mu share mata hawaye."

Tasi'u ya cije leɓe. Ruwa ya fara shigowa ta inda akuya ta ci, ya jiƙa masa tafin ƙafa, ya hau idon sawu. Ya ji kwalin da yake tsaye a kai ya yi laushi kamar tuwon jiya. Wani ƙwaro ya sauka a wuyansa ya kama hanya zuwa cikin singileti, ba hannun da zai kore shi. Rana ta hau, kwano ya ɗauki zafi. Duk ya daure, yana tuna injin Lirwanu.

Wata mata ta gaji, ta ce bari ta ɗan huta, ta nufi kujerar hagu. Ta zauna. Ba a sake ganin komai nata ba sai ƙafafu da madaɓi.

"La ilaha! Kujera ta ci Laraba!"

Aka zaro ta ana dariya. Gwaggo ta matsa ta dubi ramin, ta sa yatsa ta taɓa ta dama, wadda ruwa ya riga ya jiƙa wa gindi. Fenti ya ɓare, kwali ya zame kamar zane, sai ga baƙin itace ya bayyana.

"Turmina!" in ji Inna. "Turmina da nike ta Allah ya isa!"

Ɗaki ya kaure da dariya. Gwaggo Larai ba ta yi dariya ba. Ta juya ta ƙare wa kabad kallo, ta ce:

"Kujeru dai ƙarya ce. Amma wanga kabad, ruwa ya shiga ƙarƙashinshi, an yi ta duka, bai ko girgiza ba. Wanda ya yi shi ya san aiki."

"Ai ba Tasi'u ba ne," in ji Laraba, tana kakkaɓe zanenta. "Wannan hannun Ɗanjuma kafinta ne na Anka, na san aikinshi. Tasi'u ko turken akuya ya kafa, da kanta take tuge shi."

"Haka ne," in ji wata. "Saye ya yi, zai zo ya ce shi ya yi."

Zafi bai karya Tasi'u ba, ruwa bai karya shi ba, ƙwaro da waƙa ba su karya shi ba. Amma a ɗauki aikinsa a ba Ɗanjuma yana ji?

"Ƙarya ne!" kabad ya daka tsawa. "Wane Ɗanjuma? Ni na yi shi, ni Injiniya Tasi'u!"

Ya saki sama ya daki ƙirji da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya, matan Bukkuyum sun daɗe suna gardama a kan wanne ya riga wanne. Silin ya sauko gaba ɗaya kamar an yaye bargo. Tare da shi kazar Inna wake-wake ta sauko tana kururuwa, da ƙwayayen da ta tara a can sama, da ɓeraye iyali guda waɗanda kunun rogo ya yi wa masauki. Mata suka yi ƙofa suna salati, wasu na cewa aljani, wasu na cewa ɓera, Inna na cewa a yi hankali da kaza. Gwaggo Larai kaɗai ba ta gudu ba. Ƙwai biyu sun fashe mata a ɗankwali. Ta ɗaga madaɓi ta maka wa kabad a tsakiya.

"Fito, ko mutum ko aljan!"

Tasi'u ya tuna singileti, ya tuna gajeren wando, ya tuna surukai. Gindin kabad ya riga ya narke, bayansa ya saki bango. Sai ya sunkuce shi daga ciki, ya yi ƙofa da shi. Kabad ya matse ya fita, ya ratsa tsakar gida da ƙafafu biyu jajaye har ƙwauri saboda makuba, ya bi ta zaure, ya faɗa titi.

Akuyar Inna ce ta fara bin sa, don ta san daɗinsa. Awakin maƙwabta suka ga tana gudu suka rufa mata baya. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya fito da taya a hannu. Muntari, da ke zaune a kan babur a ƙofar gida, ya tayar ya bi a hankali yana danna oda yana cewa, "A ba da hanya, kayan Legas za su wuce!"

Tasi'u ba ya ganin gabansa, gudu kawai yake yi inda ƙafa ta kai shi. Ƙafa kuwa ba ta tashi kai shi ko'ina ba sai ƙofar gidan Malam Yahaya, gefen masallacin unguwa, inda dattawa ke zaune a inuwar darbejiya bayan azahar suna jiran hukuncin Gwaggo. Liman na nan. Lirwanu ma na nan cikin wankakkiyar riga, wai wucewa yake yi. Kabad ya yi tuntuɓe da butar alwala, ya kife a gaban tabarma. Awaki suka hau shi da ci.

Can sai ƙofar kabad ta buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙo.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Tasi'u," in ji Malam Yahaya. "Ya aiki?"

"Da godiya."

Kafin a ce wani abu, matan daɓe suka iso, kowace da rabonta a hannu, don ba su baro ɗakin ba sai da suka yagi na mafici, da na shanya, da na toshe taga. Gwaggo Larai na gaba, madaɓi a hannu, gwaiduwa na bin kunnenta. Mutane suka dare mata.

"Larai," in ji Malam Yahaya, "ɗaki ya yi?"

Tasi'u ya ja ƙofar kabad ya rufe kansa. Awaki sun riga sun buɗe masa taga ta baya.

"Yaya," in ji Gwaggo, "na ga ɗaki a Gummi, na ga ɗaki a Anka, na ga na birni. Ban taɓa ganin wanda anka sa ango a madadin ginshiƙi ba sai yau." Ta taɓa kwalin da madaɓi. "Kai, tun yaushe kake ciki?"

"Tun hantsi, Gwaggo."

"Kana riƙe da rufi?"

"Ina riƙe, Gwaggo."

"Muna zaginka cikin waƙa kana ji?"

"Har amshi na so in yi."

Kafaɗun Gwaggo suka fara motsi. Ta juya baya, ta rufe baki da gyale, ta daɗe a haka. Da ta juyo, idonta ya yi ja da hawaye.

"Wauta dai akwai ta, Yaya, ta isa a raba wa unguwa kowa ya samu. Amma bangon na da kyau, ƙofa daidai take, daɓe kuma mu munka yi shi da hannunmu, ba irinshi a garin nan. Mutumin da zai tsaya cikin kwali a zafin bazara tun hantsi har azahar don kada a hana shi ɗiyarmu, ban iya cewa ba ya son ta ba. Ɗaki ya yi."

Lirwanu ya miƙe. "Haba Gwaggo! Nawa fa na siminti ne!"

"Ai ba a ce ya rushe ba, ɗana. Je ka zauna cikinshi." Ta juya wajen zauren gidan. "Sai dai mai zaman ɗakin ta ga abin da idonta. Naja'atu, na san kina bayan ƙyaure. Bayan wanga abin kunya, kina nan a kan bakanki?"

Aka ji wata dariya da aka daɗe ana dannewa ta kuɓuce daga zaure. Sai da ta lafa, sannan murya ta fito:

"Gwaggo, a ba ni shi. Taimakon gari ne. In anka bar shi ba mai tsaro, wata rana masallaci zai ce zai yi wa silin."

Jama'a suka kwashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa. Tasi'u ya turo kai ta ramin da awaki suka yi, fuska duk fenti, ya dubi ginin da ke gefe da idon gwaninta.

"Af, kun ji mai hankali ko? Ai dama na auna shi. Kwalin babur kaɗan zai ci."

Liman ya miƙe a hankali, ya sa takalmansa, ya je ya ja ƙofar masallaci ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin cikin aljihu, ya dawo ya zauna a kan aljihun.

A nan na baro su, ana neman rigar da za a miƙa wa ango cikin kabad.